Faifan ganga na lantarki: wanne ya cancanci kuɗinka?

Faifan ganga na lantarki na'ura ce mai wuraren bugu na roba, da ake duka ta fitar da sautin da aka adana a cikinta. Kada yawan sautin da aka rubuta a jikin kwali ya ruɗe ka. Tambayar farko ita ce: za ka loda naka sautin a ciki, ko na kamfani ya ishe ka?

In kana kiɗa a dandali, kuma akwai sautukan da aka naɗa a sutudiyo da dole su fito daidai lokacinsu, Roland SPD-SX PRO ne na gaba-gaba. A 2022 ya fito, ya gaji SPD-SX na 2011. Wuraren bugunsa tara ne: shida manya, sai uku sirara a sama da ake duka da gefen sanda. Ma'adanarsa gigabait 32, allonsa mai launi inci 4.3. Akwai fitilu tsakanin wuraren bugun da za ka ba kowanne launin da kake so, kuma wanda ya taɓa lalube a dandali mai duhu ya san amfaninsu. Babban abin dai shi ne mafitar sauti. Ƙas-ƙas ɗin da ke riƙe maka awo za ka iya tura shi kunnenka kai kaɗai, sannan akwai ƙarin mafita huɗu, ta yadda mai kula da miksa zai ɗaga sautin babbar ganga ba tare da ya taɓa sauran ba. Faifan da bai iya raba wannan ba, wata rana jama'a za su ji ƙas-ƙas a sifika. Sai dai ka sani, ƙarfen ɗora shi daban ake saye.

Sauran kuwa? Octapad SPD-30, shi ma na Roland, ƙarfe ne wajen juriya, amma ba ya karɓar sautinka. Yamaha DTX-Multi 12 yana jin tafin hannu da yatsu, sai dai megabait 64 kawai ya ware wa abin da za ka loda, ya tsufa. Alesis Strike MultiPad ya fi araha, a takarda kuma ya yi kafaɗa da Roland. SamplePad Pro na Alesis kuwa, a bar shi a ɗakin gwaji.

Inda ake yin kuka shi ne wajen sayen na hannu da na jabu. Akwai faifai marasa asali da aka ƙera da siffar Octapad sak, har da jeren maɓallai. Duba lambar ƙira da ke ƙasansa, ka tabbata ba a kankare ta ko an liƙa wata a kai ba, kuma ta dace da ta kwali in akwai. Kada ka yarda da “ai ga shi ya kunna”. Sa abin sauraro a kunne, ka bi wuraren bugun ɗaya bayan ɗaya: tsakiya, sannan kusurwa huɗu, a hankali, sannan da ƙarfi. Ƙarƙashin kowace roba akwai 'yar na'urar da ke jin bugu. In gam ɗinta ya saki ko waya ta tsinke, sai wani gefe ya mutu ko sauti ya riƙa fita sau biyu. Ka kuma daki guda da ƙarfi ka saurara ko na kusa da shi zai amsa. In ya amsa, shiga saiti ka gani. Masu wayo sukan rage ƙarfin ji don su ɓoye wannan cuta, shi ya sa gara a mayar da saitin yadda ya fito daga kamfani kafin gwaji.

Sai adafta. Baki ya shiga rami ba shi ne dacewa ba. Karanta ƙarfin wutar (bolt) da aka rubuta a jikin faifan da alamar tsakiyar bakin, ragi (−) ce ko ƙari (+), ka gwada da na adaftar, domin in an juya ta, kayan ciki na iya ƙonewa nan take. Girgiza kowace waya a raminta kana saurare; in ka ji tsartsar ko sauti ya yanke, dalmar ciki ta fara tsagewa. Daga nan, in faifan mai karɓar sautinka ne, soka filashi, ka loda fayil ɗin sauti guda irin na WAV, ka kashe faifan, ka sake kunnawa ka ga ko yana nan.