Autosol a kan salansar babur: abin da yake gogewa da abin da ya fi ƙarfinsa

Autosol man goge ƙarfe ne da ake yi a garin Solingen na Jamus, ƙaramin bututunsa mililita 75, fari ne mai kauri kamar man goge baki, yana da ɗan wari mai shiga hanci. Masu babur na sayensa da zaton zai cire duk abin da ya ƙone ya manne a salansa. A ganinmu man yana da kyau ƙwarai, amma aikinsa na ƙarshe ne. Wanda ya fara da shi a kan narkakkiyar leda zai ƙarar da rabin bututu, ledar tana nan daram.

Dalili kuwa shi ne yadda yake aiki. Garin gugar ƙarfe ne mai laushi sosai aka kwaɓa da mai, yana cin saman ƙarfen kaɗan-kaɗan har ya fito da ƙyalli. Ba ya narkar da roba. Abin da ya fi mannewa a salansa a Jos kuma roba ce: gefen rigar ruwa a damina, ƙasan silifas ɗin wanda aka goya, bakin buhun dankali da aka ɗaure a baya ya sauko ya taɓa bututun salansa, ko baƙar leda da iska ta kwaso. Leda na narkewa tun zafi bai wuce digiri 130 ba, zaren buhu wajen digiri 160, wuyan salansa kuwa ya zarce haka nesa ba kusa ba. Idan aka bar ta kwana biyu ana hawa, sai ta gasu ta koma baƙin ɓawo mai tauri.

To ga yadda man yake biyan kuɗinsa. A fara wanke salansar da ruwan sabulu tana sanyi, jar ƙasa da yashi su fita tas, domin ƙwayar yashi ɗaya a cikin tsumma ta isa ta ja zane daga wuya har wutsiya. Sai a tayar da injin minti biyu zuwa uku a kashe. So ake robar ta yi laushi kamar cingam, ba ta yi hayaƙi ba. A sa safar hannu mai kauri, a samu ɗan katako a fiƙe bakinsa kamar kurfi, a riƙa tura robar gefe ɗaya ana shafe katakon a tsohon tsumman auduga. Auduga zalla muke nufi. Yadin roba zai narke a wurin ya ƙara aiki. Idan ta daskare kafin a gama, a sake tayar da injin minti ɗaya. Wuƙa, reza da sukudireba kada su kusanci wurin, saboda farin rufin kurom, wato ƙarfe mai ƙyalli da aka lulluɓe salansar da shi, bai kai kaurin gashin kai ba ko kusa, kuma duk inda ya tsage nan tsatsa za ta shiga da ruwan farko.

Bayan katako ya gama nasa, abin da ke saura inuwa ce ruwan ƙasa. A bar bututun ya huce sarai, a ƙalla rabin awa. Nan ne Autosol ke nuna kansa. A matsa kamar girman ƙwayar gyaɗa a tsumma mai laushi, a goge wurin da bai wuce faɗin tafin hannu ba, ana bin tsawon bututun. Kafin minti ɗaya tsumman zai yi baƙi, alamar yana ci ke nan. A share da wani tsumma busasshe kafin man ya bushe, a duba, a maimaita. Tabo mai sauƙi zagaye biyu ko uku ya ishe shi. Mai taurin kai yana son soson ƙarfe mai lamba 0000, wato mafi laushi, a shafa masa man a goga da hannu sake. Soson wanke tukunya na kasuwa ba shi ba ne, kaushinsa ya yi yawa, zai bar kurom ɗin ya dushe har abada. Idan ba a samu 0000 ba, takardar alminiyom ta naɗe abinci a dunƙule ta a jiƙa da ruwa ta fi aminci, kuma tana ɗauke ɗigon tsatsa ƙanana. Salansar da aka yi da ƙarfen da ba ya tsatsa kuwa a bar ta da tsumma kawai, don burbushin soso na maƙalewa a jikinta ya yi ja daga baya.

Wani kuskure da ake yawan yi a nan shi ne tayar da babur da zarar an ga ƙyalli. Man yana barin maiƙo, yatsu ma haka, zafi kuma zai gasa su su zama sabon tabo rawaya. A goge da ɗan sifirit a tsumma mai tsabta tukuna.

Kwalta da baƙin mai da ya ɗiga ya ƙone ba sa buƙatar a ɓata Autosol a kansu da farko. Kananzir ya fi shi sauri, a jiƙa tsumma a ɗora minti biyar a kan bututu mai sanyi, a share, a wanke da sabulu, sannan a bi da man. A kan bututu mai zafi kada a kuskura.

Shuɗin da ke fitowa a wuyan salansa kusa da injin shi ne inda mutane suka fi jin haushin man, alhali ba datti ba ne. Zafi ne ya sauya launin saman ƙarfen, ya fara da rawaya, ya wuce ja-ja, ya kai shuɗi. Autosol na rage rawayan sosai, shuɗi mai zurfi kuma sai an sha guga, kuma zai dawo cikin 'yan kwanaki muddin abin da ya kawo shi yana nan. Sau da yawa iska ce ta fi mai yawa a cikin injin. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 ake matse kabureta don mai ya daɗe, wani lokaci kuma robar da ke tsakanin kabureta da injin ce ta tsage tana shan iska. A cire fulogi a duba bakinsa: idan fari ne fat, bakanike ake nema kafin man gogewa. Barin babur yana aiki a tsaye na tsawon lokaci da safe saboda sanyin Jos ma yana ƙara shuɗin, tunda iskar tafiya ce ke sanyaya injin.

Akwai wurare biyu da ba mu ba da shawarar a kai shi ba sam. Na farko salansa mai baƙin fenti. Man zai ci fentin ya bar wuri mai sheƙi kamar an shafa mai, idan aka matsa ƙarfe ya bayyana. Irin wannan sabulu ne nata, in ta ƙwarzane a fesa fenti mai jure zafi, murfin kurom da ke gefenta kaɗai za a goge da man. Na biyu cikin bututu. Tsofaffin babura masu haɗa fetur da mai, irin Jincheng AX100, suna tara gawayi mai danƙo a ciki har babur ya rasa ƙarfi a hawa. Wannan sai an kwance salansar an ciro abin da ke rage ƙara an ƙone shi ko an jiƙa shi da soda mai ƙuna. Sodar na cin alminiyom da fenti da fatar hannu, saboda haka aikin gareji ne, da safar roba da tabarau.

Muna roƙon masu wankin babur su daina zuba ruwan batir ko ruwan wanke masai a salansa. Nan take takan yi fari mai shi ya ji daɗi, amma asid ɗin ya riga ya ci kurom, kuma babu man da zai mayar da shi.

Wanda zai tambaya a shagunan kayan gyara na Dilimi ko Farin Gada ya ce man goge ƙarfe yake so, ba na fentin mota ba, don kamfanin na yin iri-iri. A matsa bututun a ji yana da laushi, wanda ya daɗe a buɗe yakan sandare ko mai ya rabu da garin. Babur ɗaya da ake gogewa sau ɗaya a wata, bututu guda zai kai shi damina ya fitar, in dai ana rufe bakinsa da kyau ana ajiye shi a inuwa.