Ɗigo a hoto: famfon iska ko tsinken goge sensa?

Ɗan'uwa, game da baƙin ɗigon nan da ka ce yana fito maka a sararin sama cikin hotunan kyamararka, famfon iska na roba za ka saya. Bar tsinken gogewa tukuna.

Amma ka fara tabbatar da cewa ƙura ce a kan sensa, wato farantin cikin kyamara da ke ɗaukar hoton. Sa kyamarar a f/16 ko f/22 (wato ka tsuke ƙofar hasken lens), ISO (ƙarfin jin haske) 100, ka ɗauki farin bango. Ƙura za ta fito dishi-dishi, a wuri ɗaya cikin kowane hoto, ko da ka canza lens. Ka buɗe zuwa f/2.8 kuma sai ka neme ta ka rasa. In kuwa ɗigon ɗan mitsitsi ne mai haske, ja ko shuɗi ko fari, rufe lens da murfinsa ka ɗauki hoto na daƙiƙa 30. Idan ya bayyana a cikin duhun, fiksel ne (ɗaya daga ƙananan ɗigogin sensa) ya samu matsala, ba gogewar da za ta fitar da shi. Wasu kyamarorin suna da wurin ɓoye shi a menu.

Nawa famfon ya shekara shida a jakata. Wata rana ina tsakiyar aiki a fili, na duba allo sai ga ɗigo uku a saman kawunan mutane. Na koma gefe inda ba iska, na cire lens, na kifa kyamarar bakinta na kallon ƙasa, na matsa sau biyar. Biyu suka tafi nan take, na ukun sai a zagaye na biyu. Wallahi har yau ina jin daɗin abin. Ka dai cika batir in kyamarar mai madubi a ciki ce, don kada madubin ya sauko kana cikin aiki, kuma kada bakin famfon ya taɓa sensa.

Tsinken kam sai in maiko ne ko ƙurar ta manne. Wanda na fara saya zane-zane ya bar min, sai da mai gyara ya wanke.

Sannan ka yi hattara da masu cusa maka gwangwanin iskar share kwamfuta su ce na kyamara ne. Ruwan cikinsa yana iya fesowa kan sensa. Haka mai sayar da tsohuwar kyamara da zai ce maka "ai ƙura ce kawai". Yi gwajin f/22 a gabansa, ka hura, ka sake ɗauka. Siririn layin da ya ƙi gusawa, mai yiwuwa karce ne a gilashin da ke saman sensa. Ajiye masa kayansa.