Fiziks, Jiyoloji ko Jiyofiziks: wanne za a cike wa yaro a JAMB?

Wanda ya taɓa ganin masu awon ruwa a ƙauyukan Gwaram ko Sumaila, suna kafa ƙarafa suna jan waya kafin a haƙa burtsatse, ya ga wani reshe na jiyofiziks, wato ilimin binciken cikin ƙasa da hanyoyin fiziks. Akwai kuma reshen da ke bin tarihin maganaɗisun duniya. Dutsen da aman wuta ya fitar, idan ya huce, yakan riƙe alƙiblar maganaɗisun zamaninsa. Da irin waɗannan duwatsu aka gane cewa arewa da kudun kamfas sun sha musayar wuri, juyi na ƙarshe kimanin shekara 780,000 da suka wuce.

Yaron da ke son zama malamin jami'a a wannan fanni, hanya uku ce gabansa, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba.

Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure tana koyar da jiyofiziks tun digirin farko. Karatu ne kai tsaye, amma uban da sai ya kai riɗi kasuwar Maigatari zai biya, ya lissafa kuɗin mota, haya da abinci na shekara biyar.

Jiyoloji, wato ilimin duwatsu da ƙasa, akwai shi a BUK da ABU Zariya. Yaro zai san dutse da hannunsa, irin na Riruwai mai kuza, kuma ya fi saurin samun ɗan aikin burtsatse. Sai dai fita daji na cin kuɗi: takalmi, guduma, guzuri.

Ni dai fiziks na fi ba wa ƙarfi. Ga shi a jami'ar Dutse, ga shi a ta Wudil da BUK, ana iya aika wa yaro gari da ƙuli daga gida. Idan ya gama sai ya nemi jiyofiziks a digiri na biyu a Zariya. Dalilina lissafi ne. Sunayen duwatsu ana iya koyonsu daga baya, amma wanda ya tsallake lissafin maganaɗisu da ƙuruciya, da wuya ya cimma sa'o'insa.

Kowacce aka bi, sai da digiri na uku, kuma manyan ɗakunan gwajin maganaɗisun dutse galibi suna Turai da Amurka. Tallafin karatu na TETFund, asusun gwamnati na manyan makarantu, na waɗanda suka riga suka zama malamai ne, don haka sakamakon digirin farko ya yi kyau domin a samu aikin koyarwar. Kafin a biya ko sisi, a tabbatar hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta amince da kwas ɗin a makarantar.