Girkin da aka ce babu nama a cikinsa, da abin da na tarar a miyar taushe

Tun da likita ya tabbatar mini cewa ciwon da ke kumbura mini babban yatsan ƙafa cikin dare na taruwar sinadarin yurik asid ne a gaɓoɓi, na yanke shawarar barin nama da kifi gaba ɗaya, ko da yake shi abin da ya ce shi ne in rage jan nama, in guji hanta da ƙoda da romo da jatan lande. Iyalina suna Bauchi, ni kuma aiki ya ajiye ni a Jos, saboda haka abincin rana da na dare duk saye nake yi. A cikin wannan hali ne wata abokiyar aiki ta ba ni lambar wata Hajiya da ke girki a gidanta tana aikawa ofisoshi, wadda tallarta a WhatsApp ta nuna cewa tana da tukunya ta daban domin waɗanda ba sa cin nama. Na biya kuɗin wata guda a dunƙule, kuma duk wanda ya san yadda masu irin wannan sana'a suke yanka farashi a yanzu ya san ba ƙaramin kuɗi na zuba ba.

Da farko na ji daɗin abin ƙwarai. Gwaten accarta, wanda take cika wa yakuwa da alayyahu da gauta, ya fi duk wanda na taɓa ci a garin nan, awararta kuma ba ta shan mai, tana zuwa da miyar attaruhu da albasa a gefe. Akwai faten dankalin Turawa, akwai ɗan wake da man gyaɗa, akwai kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Ta ce da sassafe take sayo kayan lambu a kasuwar Farin Gada, kuma na yarda, domin kabeji da karas da koren wake duk da ɗanyantakarsu suke isowa. Mutumin da ke zaune a garin da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, inda sanyi yake sa kayan lambu su yi albarka, ga dankali na shigowa daga Bokkos da Mangu, bai kamata a ce yana wahalar neman abincin da babu nama ba. Amma wahalar tana nan, kuma ba a ganye take ba, a gindin miya take. Idan ka je wurin masu abinci a wajen Taminus ka ce ba ka cin nama, sai a sa ludayi a tsame yankan a miƙo maka miyar da ta yini tana tafasa da shi, a ga an gama maka komai. Abin da na biya kuɗi domin in tsira daga gare shi ke nan.

Wata Juma'a aka kawo mini tuwon shinkafa da miyar taushe. Tun daga lomar farko na ji wani maiƙo da ba na gyaɗa ba ne, ba kuma na kabewa ba, na ci gaba da ci ina kyautata zato, har haƙorina ya ci karo da ɓallin ƙashi. Na tura mata hotonsa, sannan na kira ta. Bayan gaisuwa na ce, “Hajiya, ba mun yi da ke cewa tukunyata daban ce ba?” Amsar da ta ba ni ita ce ta fi ƙashin ɓata mini rai. Ta ce, “Haba Malam, ai ko tsoka ɗaya ban sa maka ba, ruwan tafashen ne kawai na ɗiba, kuma wa ya taɓa ganin taushe babu ƙashi?” Ta faɗi haka cikin dariya, da zuciya ɗaya, alamar ba ta ga inda ta yi laifi ba.

Ga mai irin ciwona, ruwan tafashen nan shi ne matsalar, domin sinadarin da jiki yake juyawa ya zama yurik asid yana narkewa ne ya koma cikin romo yayin dahuwa, kuma duk wannan na bayyana mata tun ranar da na biya kuɗi. Da na matsa da tambaya sai sauran suka fito: alalar da nake ta yabo da garin jatan lande ake kwaɓa ta, miyar kukar da kan busasshen kifi ake ɗora ta, dafa-dukar kuma da dunƙule mai ɗanɗanon kaza. Wato tukunyar daban ce, amma abin da ke shiga cikinta ɗaya ne da na kowa. A ƙarshen makon nan yatsana ya tashi har na kasa sa takalmi, na je masallaci da silifa ina ɗingishi. Na nemi a mayar mini da ragowar kuɗina, ta ce an riga an yi cefane da su, sai dai in ci gaba da karɓar abinci har watan ya cika.

Zan yi mata adalci a kan abu ɗaya. Bayan wannan ta sauya hannu, ta koma ɗora miyata a kan daddawa da albasa da citta da man ja, kuma miyar kukar da ta fito daga wannan haɗin ta nuna mini cewa da ma tana iyawa, saba wa romo ne kawai ya sa ba ta yi ba. Har na fara tunanin sabunta biyan wata na biyu. Sai dai da aka cire romo da kifi sai tsarin nata ya bayyana yadda yake: shinkafa yau, taliya gobe, dankali jibi, da ɗan kwaɗo a gefe wanda bai cika cokali uku ba. Awarar da ta jawo ni ta koma zuwa jefi-jefi, da hujjar waken suya ya yi tsada, alhali kuɗin da na biya daidai yake da na abokan aikina da ake ɗora wa cinyar kaza a kan shinkafa. Wanda ya bar nama yana bukatar wake da gyaɗa da awara da ƙwai su cike masa gurbin, ba ƙarin tuwo ba. Kafin la'asar yunwa ta dawo mini, sai in aika a sayo mini ƙosai ko kindirmo, ban da ƙwayar bitamin B12 da likita ya rubuta mini saboda ba a samunsa a ganye da hatsi. Idan aka haɗa wannan duka, abin ya fi cin nama tsada.

Ga kuma jinkiri. Mai keken da ke raba abincin sai ya gama da Rayfield da Bukuru kafin ya zo wajenmu, kuma a sanyin Jos faten dankali ba ya jiran kowa, kafin ya iso ya daskare a roba. Sau da yawa a gaban abokan aiki yaron yake miƙo mini ledata yana cewa ga na mai ganye, su kuma su ɗora da tsokana, wani ya tambaye ni ko na haramta abin da Allah ya halatta, wani ya ce zai ga yadda zan yi ranar layya. Wannan ba laifin Hajiya ba ne, amma da ta ja wa yaronta kunne kamar yadda na roƙa, da an rage mini.

Ban sabunta biyan wata ba. Yanzu gwate da awara da kwaɗon zogale kaɗai nake saya a wurinta, ɗaiɗai, ranar da na ga dama, saboda su ina iya ganin abin da ke ciki da idona. Miya kuwa na sayi ƙaramin risho da tukunya ina ɗorawa da kaina bayan isha'i, kuma kuɗin kwanakin da na ƙi karɓar abinci lokacin da ƙafata ta kumbura har yau ba a ce mini komai a kansu ba.