Gyaran Ƙashin Baya a Watan Takwas: Abin da Na Tarar a Wani Gidan Kairofraktik a Kaduna

Cikina na uku ne, kuma shi ne na farko da ya hana ni yin sujada. Tun daga mako na 30 ciwo ya kama mini kwankwaso ta ɓangaren dama, yana gangarowa ta bayan cinya har zuwa gwiwa, sannan a gaba, daidai inda ƙasusuwan mara biyu suka haɗu, nake jin kamar ana ɓamɓare ni duk lokacin da na ɗaga ƙafa ɗaya domin in shiga keke ko in sa wando. Juyi a kan gado cikin dare ya zama aikin da sai na shirya masa. Na koma yin sallah a kan kujera, kuma a makarantar da nake koyarwa a Kawo na daina hawa bene, sai dai ɗalibai su sauko su same ni.

A wurin awo likitar mata ta yi mini bayani cewa a lokacin goyon ciki jiki yana fitar da sinadarai, ciki har da wanda ake kira rilaksin, waɗanda ke sassauta jijiyoyin da suka ɗaure ƙasusuwan ƙugu domin hanyar haihuwa ta buɗe, ga kuma nauyin ciki da ke jan gadon baya zuwa gaba. Ta ba ni farasitamol, ta kuma ja mini kunne sosai a kan ibuprofen da diclofenac, waɗanda mutane ke saye a kemis kamar gyaɗa, domin suna iya taɓa ƙodar jariri da rage ruwan da yake ciki idan ciki ya wuce mako 20, kuma haɗarinsu yana ƙaruwa a watannin ƙarshe. Farasitamol bai yi mini wani abin kirki ba. Surukata ta kawo man zafi da shawarar a kira wata tsohuwa mai tausa daga Rigasa, maigidana kuwa ya ce babu wanda zai murza masa ciki wata takwas. Ana cikin wannan ne wata abokiyar aikina ta ba ni labarin wani gida da ke tsakanin Malali da Unguwar Rimi, inda ake gyaran ƙashin baya da hannu, wato abin da ake kira kairofraktik, kuma ta ce suna karɓar masu juna biyu.

Ban je ba sai da na tambayi likitata. Ta duba katina, ta ga jinina bai hau ba, hoton ciki ya nuna mabiyiya tana sama ba ta tare bakin mahaifa ba, ba na zubar da jini, ba ni da alamar naƙuda kafin lokaci, sannan ta ce in je, amma da sharuɗɗa uku: kada a yi mini hoton ƙashi, kada a murɗe mini wuya, kuma kada kowa ya danna cikin da sunan juya jariri. Sharaɗi na uku yana da dalili, domin hoton da aka yi mini a mako na 32 ya nuna yaron a zaune yake, kansa a sama.

Gidan da kansa ba shi da abin kushewa ta fuskar tsafta. Gidan zama ne aka mayar wurin aiki, falo ya zama ɗakin jira, akwai sola, saboda haka fanka ba ta tsaya ba ko da aka ɗauke wuta, kuma banɗakin na zama ne, wanda duk matar da ta taɓa gwada tsuguno da ciki wata takwas za ta san darajarsa. Abin da na rasa gane hikimarsa shi ne matakala uku masu tsawo a ƙofar shiga, babu abin dafawa, a wurin da kusan duk mai zuwa ciwon baya ne ya kawo shi. Kuɗin ganin farko naira 15,000 ne, kowane zuwa bayan haka naira 10,000, kuma suna karɓar tiransifa.

Tambayar farko da na yi a kan teburin karɓar baƙi ita ce ko akwai mace mai aikin. Akwai, amma kwana biyu kawai take zuwa a mako, don haka na jira har ranar Laraba. Tambaya ta biyu ta shafi takardun aiki. A Najeriya hukumar MRTB, wadda aka kafa a 1988, ita ce ke yi wa masu gashin ƙashi da makamantansu rajista, kuma dokar da ta kafa ta ta ambaci masu kairofraktik. Matar ta nuna mini takardar rajistarta ba tare da ta ɓata rai ba, ta kuma faɗa mini kai tsaye cewa asalin karatunta gashin ƙashi ne, daga baya ta ƙaro horo a kan gyaran ƙashin baya. Wannan gaskiyar da ta faɗa ta sa na saki jiki da ita fiye da duk hotunan ƙashin bayan da aka liƙa a bango.

Ganin farko ya ɗauki kusan awa guda, kuma rabinsa tambayoyi ne. Ta karanta katin awona daga farko har ƙarshe, ta auna jinina da kanta, ta duba ƙafafuna ko sun kumbura, ta tambaye ni ko ina ciwon kai mai tsanani ko ganin dishi-dishi, waɗanda alamomi ne da ke iya gabatar jijjiga. Daga nan ta sa na yi tafiya daga ƙofa zuwa taga tana kallon ƙuguna, ta sa na ɗaga ƙafa ɗaya ina dafe da bango, na kasa. "Hajiya, ba ƙashinki ne ya goce ba," in ji ta, "gaɓar da ke haɗa ƙashin baya da ƙugu ce ta yi sako-sako, naman da ke kewaye da ita kuma ya ɗaure yana ƙoƙarin riƙe ta."

Gadon aikin ne ya fi ba ni mamaki. An shimfiɗa masa wani matashi mai kauri da aka fafe tsakiyarsa kamar ƙwarya, ta taimaka mini na kwanta rub-da-ciki, cikin ya faɗa cikin ramin ba tare da ya taɓa komai ba. Wata huɗu rabona da kwanciya a haka, kuma sai da na ji hawaye ya zo mini saboda daɗin da bayana ya ji. Ta lanƙwasa ƙafafuna biyu zuwa baya a hankali tana gwada wadda ta fi tauri, sannan ta ɗora tafin hannunta a ƙasan gadon bayana ta danna kaɗan, sai wani ɓangare na gadon ya sauka ƙasa da kamar faɗin yatsa, da ƙara mai kama da rufe ƙofar mota. Ƙarar ta fi dannawar tsoratarwa. Bayan haka ta juya ni a gefen hagu, ta sa matashi a tsakanin gwiwoyina, ta yi kusan minti goma tana sassauta naman ɗuwawu da babban yatsanta, wanda shi ne ɓangaren da ya yi zafi da gaske. Ba ta bar ni a rigingine ba sai na ɗan lokaci kaɗan, kuma da matashi a ƙarƙashin ƙugun dama, domin a cewarta nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya idan mai tsohon ciki ta kwanta a bayanta, abin da likitata ma ta riga ta faɗa mini. Wuyana kuwa ba ta taɓa shi ba ko sau ɗaya, kuma da na ambaci sharaɗin likita ta ce ita ma ba ta murɗe wuyan mai ciki.

A daren na yi barci na awa biyar a jere, abin da ban samu ba cikin makonni uku. Sauƙin ya kai kwana biyu zuwa uku, sannan ciwon ya fara dawowa, ko da yake bai koma yadda yake a da ba. Haka abin ya kasance a duk zuwa biyar da na yi. Ciwon da ke gangarowa ta cinya ya ragu ƙwarai, har na koma yin ruku'u a tsaye, amma na gaban mara bai tafi ba sai bayan na haihu. Idan zan yi adalci, rabin amfanin da na samu daga bakinta ya fito, ba daga hannunta ba. Ita ta koya mini in haɗe gwiwoyina wuri ɗaya idan zan juya a gado ko zan sauka daga mota, in zauna kafin in sa tufafi, in daina saɓa ƙaramar 'yata a ƙugu ɗaya, in kuma ɗaura bel mai faɗi a ƙasan ciki idan zan daɗe a tsaye a aji. Waɗannan shawarwari ne da ake samu a sashen gashin ƙashi na manyan asibitoci irin su Barau Dikko a kan kuɗin da bai kai haka ba, sai dai a nan ba ka bin layi, kuma ana ba ka lokacin da za ka yi tambaya har ka gaji.

Inda muka saɓa da gidan shi ne batun zaman jariri. A ɗakin jira akwai wata takarda da aka liƙa mai tallar abin da suke kira dabarar Webster, da hoton jariri kansa a ƙasa, kuma yarinyar da ke karɓar kuɗi ta ce mini da bakinta, "Anti, idan kika sayi na zuwa takwas, in sha Allahu zai juya, ba sai an yi miki aiki ba." Duk matar da aka ce wa ɗanta a zaune yake ta san irin nauyin wannan magana, domin tsoron tiyata yana sa mutum ya miƙa kuɗi ba tare da ya tsaya lissafi ba. Ni ma na miƙa, na biya naira 70,000 na zuwa takwas.

Dabarar ta samo sunanta daga wani Ba'amurke mai wannan sana'a, Larry Webster, kuma abin da ta ƙunsa shi ne irin dannawar da aka yi mini a ƙasan gadon baya, tare da taɓa wata jijiya da ke riƙe da mahaifa a gefen mara da ɗan yatsa, a hankali. Masu yinta suna cewa idan ƙugu ya daidaita jariri zai sami sararin juyawa. Babu ingantaccen binciken da ya tabbatar da hakan. Sana'ar ma gaba ɗayanta, tun da Daniel David Palmer ya fara ta a garin Davenport na jihar Iowa a 1895, ta taso ne da da'awar cewa yawancin cututtuka daga gocewar ƙashin baya suke, da'awar da ilimin likitanci bai karɓa ba, ko da yake an yarda cewa aikin hannu yana iya rage wasu nau'o'in ciwon baya. Da na kai wa mai aikin maganar da yarinyar ta yi, sai ta ɗan yi shiru, sannan ta ce ita ba ta juya jariri, ƙugu kawai take gyarawa. Na gaskata ta, amma takardar tana nan a bangonsu, kuma kuɗin da takardar ke jawowa aljihu ɗaya yake shiga.

A mako na 36 aka sake yi mini hoto, aka tarar kan yaron ya sauko ƙasa. Yarinyar teburin ta yi murna har tana neman in yi musu ɗan bidiyo na shaida domin su sa a Facebook, na ƙi. Likitata ta riga ta gaya mini tun farko cewa a wajajen mako na 28 kusan jariri ɗaya cikin huɗu a zaune yake, amma waɗanda ke kaiwa lokacin haihuwa a haka ba su wuce uku zuwa huɗu cikin ɗari ba, wato mafi yawansu da kansu suke juyawa, ko an je wurin gyaran baya ko ana gida ana tankaɗe. Ga waɗanda ba su juya ba, akwai juyawar da likita ke yi da hannu ta saman ciki daga mako na 36 ko 37, a cikin asibiti, ana kallon hoto ana sauraren bugun zuciyar jariri, ɗakin tiyata kuma yana kusa ko da wani abu zai faru, kuma ko ita ɗin kusan rabi ne ke yin nasara. Abin da ke ba ni tsoro shi ne wata mace ta dogara da waccan takarda ta daina zuwa awo, ta zauna tana jiran jariri ya juya har naƙuda ta same ta a gida.

Saboda haka, ga wadda ciwon kwankwaso ya hana sakat a watannin ƙarshe, kuma likitarta ta duba ta ta amince, zan ce ta gwada zuwa biyu ko uku, ta nemi mace idan hakan ya fi mata, ta nemi ganin takardar rajista, ta tafi da katin awonta, ta kuma biya kuɗin kowane zuwa a ranarsa. Wadda jininta ya hau, ko take ganin jini, ko mabiyiyarta ta sauko, ko fayarta ta fashe, asibiti ne wurinta.

Na haihu lafiya a mako na 38, namiji, kafin in cinye zuwa takwas ɗin da na biya, domin huɗu kawai na yi a cikinsu bayan ganin farko. Da maigidana ya je neman ragowar kuɗin, aka ce masa ba a mayarwa, sai dai in zo in ƙarasa bayan na yi arba'in. Yaron yanzu watansa uku, bayana ya daina ciwo tun ina wankan jego, kuma ban koma ba. Bel ɗin yana wurin matar ƙanena a Badarawa, wadda ta shiga wata bakwai, ita ma ta fara sallah a kan kujera.