Ƙwayar magani ko sabunta jiki?

A majalisar shayi ta Zangon Kumasi an yi ta gardama kan hanyoyi biyu na tsawaita rayuwa. Ta farko magani ce: a 2009 rapamycin ya ƙara wa ɓeraye kwana, ko da yake sai da suka tsufa aka fara ba su. Illarsa, yana raunana garkuwar jiki, ga mu a ƙasar sauro. Ta biyu dabarar masanin kimiyya ɗan Japan Shinya Yamanaka ce ta 2006, mai mayar da tsohuwar ƙwayar halitta ɗanya sharaf. Wannan ta fi burgewa, amma in aka zarce, ciwon daji na iya biyo baya. Ni dai na fi karkata ga maganin, don shi zai riga isowa kantin magani na unguwar Aboabo.