Kafin ka canza sifikar motarka: mai rabe ko mai haɗe?

Duk wanda ya kunna karatu ko labaran rana a mota ya ji murya tana fitowa kamar daga cikin tulu, ya san abin da ke kai mutum shagon masu sifika. Iri uku za a jera maka a kan kanta, ni kuwa tun yanzu in faɗa maka, mai rabe nake so.

Ita ce mai zuwa gida uku: babba mai inci 6.5 da ke shiga ƙofa, 'yar ƙaramar twita mai fitar da siririn sauti da ake ɗaurawa sama kusa da gilashin gaba, sai ɗan akwatin kurosoba mai raba musu aiki. Siririn sauti miƙewa yake yi, ba ya kewaya ƙafa ko kujera. In twita tana can ƙasan ƙofa, gwiwarka yake samu, ba kunnenka ba. Da ta hau sama sai ka ji sinun da shinun na mai karatu sun rabu tas, kamar yana zaune a gabanka. Akwatin nan kuma yana tare kaurin sautin da bai kai wajen Hz 3,000 ba, don kada ya isa twita ya ƙone ta. Ɗaurinta na cin lokaci, sai mai wayarin da ya san hannunsa, amma kuɗinka ba su tafi a banza ba.

Mai haɗe, wadda twitarta ke zaune a tsakiyar babbar, ta fi araha, ta wanda aljihunsa bai kai ba ce. Mai siffar ƙwai, 6x9, da ake kafawa bayan kujera kuwa ƙara ce kawai daga ƙeya.

Inda aka fi cutar mutane shi ne maganar wat. Na taɓa sayen wata a wani shago, kwalinta ɗauke da sunan babban kamfani da "1000W" ɓaro-ɓaro. Ba ta yi wata biyu ba ta fara kakari. Da muka kwance ta, ashe murfin roba ne aka kumbura a bayanta, maganaɗisun ciki bai fi marfin kwalba ba. Har yau abin yana yi mini ciwo. Sunaye irin su Pioneer da JBL da Kenwood 'yan jabu ke kwaikwaya, saboda su aka sani. Don haka ka manta da babbar lamba, ka nemi ƙaramar da aka rubuta RMS a gefenta, ita ce ƙarfin da sifikar ke iya ɗauka a kai a kai. Rediyon da ke cewa 50 sau 4 ma, abin da yake bayarwa na haƙiƙa bai wuce wajen wat 20 ga kowace sifika ba. Ɗaga sifikar ka ji nauyi. Shafa bakinta: in soso ne, zafin bazara zai rugurguza shi, nemi na roba. Fuskarta ma kada ta zama ta takarda zalla, domin ruwan damina yana zirarowa cikin ƙofa ta jikin gilashi. Duba rubutun kwalin ko ya dushe, ka tabbata om 4 ce (ma'aunin turjiyarta ga wuta ke nan), kuma kada ka biya sai an jona ta ka saurara da muryar mutum, ba da kiɗa mai ganga ba, don ganga tana rufe aibi.

Bayan ɗauri saura saiti. Shiga saitin rediyo ka kunna HPF, wato matatar da ke tare kaurin sauti, ka ajiye shi a Hz 80, gangararsa (slope) a dB 12. Wannan zai ɗauke wa ƙofa nauyin dum-dum ɗin da ke sa ta rawa, murya ta washe. In kana da sabufa, wato babbar sifikar dum-dum, a but, sa LPF ɗinta, matatar da ke tare siririn sauti, ita ma a 80. Ka ji ƙofa tana ɓari in ka ƙure? Matsa HPF zuwa 100. In kuma bes, wato dum-dum ɗin, ya ɓace gaba ɗaya bayan ɗauri, galibi an juya wayar ɗaya ce: cire wayoyin babbar ka taɓa su da batirin tocila mai bolt 1.5, jan waya a gefen batirin mai alamar +, in daidai take fuskarta za ta turo waje. Kada ka gwada wannan a kan twita.